Ƙungiyar 'Yantattun Ikilisiyoyin Lutheran ta Amurka

Ƙungiyar 'Yantattun Ikilisiyoyin Lutheran, wadda sunanta na Turanci shi ne Association of Free Lutheran Congregations, a taƙaice AFLC, haɗakar ikilisiyoyi ce ta Kiristoci mabiya koyarwar Martin Luther a Amurka. An kafa ta a watan Oktoba na 1962 a garin Thief River Falls da ke arewa maso yammacin jihar Minnesota. Hedkwatarta tana Plymouth, a bakin tafkin Medicine Lake, daf da birnin Minneapolis. Ikilisiyoyinta sun kai wajen 250, da yawansu ƙanana ne a garuruwan manoma na Minnesota da Dakota ta Arewa da Dakota ta Kudu da jihohin da ke maƙwabtaka da su. Ba ta da bishop, kuma babu wata majalisa da ke ba ikilisiya umarni. A wurinsu wannan aƙida ce, ba tsarin mulki kawai ba: jama'ar masu bi da ke taruwa a gari guda, suna jin wa'azi, suna karɓar baftisma da Jibin Ubangiji, su ne surar Mulkin Allah a duniya, kuma ba wanda ke sama da su sai Maganar Allah da Ruhunsa.

Asalin wannan tunani yana ƙasar Norway. A can, a wancan zamani, coci na gwamnati ne, fasto kuwa ma'aikacin sarki. Wata doka ta 1741 ta hana mutane yin taron ibada ba da sanin faston yankin ba. A watan Afrilu na 1796 wani ɗan manomi mai suna Hans Nielsen Hauge, yana cikin aiki a gonar mahaifinsa, ya ji abin da ya ɗauka kiran Allah ne gare shi ya yi wa'azin tuba. Bai yi karatun tauhidi ba, ba a kuma keɓe shi fasto ba. Ya ratsa ƙasar, galibi a ƙafa, yana kwana gidajen manoma, yana taya su aiki da rana, da dare ya tara su a ɗaki ya karanta musu Littafi Mai Tsarki. An kama shi sau da yawa, daga bisani aka tsare shi daga 1804 zuwa 1811. A 1809 an sake shi na ɗan lokaci don ya nuna yadda ake fitar da gishiri daga ruwan teku, saboda yaƙi ya toshe hanyar shigo da shi. Da ya gama aka mayar da shi kurkuku. Ya rasu a 1824 da lafiyarsa ta riga ta karye. Sai a 1842 aka soke dokar. Hauge bai taɓa fita daga cocin gwamnati ba, amma ya bar wa mabiyansa tabbacin cewa talaka mai bi yana da bakin magana a gaban Allah da gaban jama'a. Da wannan tabbaci dubban mutanen Norway suka tsallaka teku zuwa filayen noma na tsakiyar Amurka.

A sabuwar ƙasa babu sarkin da zai naɗa fasto ko ya biya shi. Dole baƙin nan su yanke wa kansu wa ke da coci. Wasu suka so su sake gina abin da suka baro, da fastoci masu zurfin karatu da majalisa mai ƙarfi. Wasu suka ga dama ta samu da za a fara sabo. Matattarar waɗannan na biyu ita ce makarantar tauhidi ta Augsburg, wadda aka buɗe a Marshall ta jihar Wisconsin a 1869, ta koma Minneapolis a 1872. Samari biyu daga Norway suka zo koyarwa a cikinta: Sven Oftedal a 1873, Georg Sverdrup a 1874. Sverdrup ɗan babban gida ne. Ƙanin mahaifinsa, Johan Sverdrup, shi ne jagoran masu neman mulkin majalisa a Norway, ya kuma zama firayim minista a 1884. Abin da ƙanin mahaifin ya nema wa talakawa a siyasa, shi Georg ya nema wa ikilisiya. Ya shugabanci Augsburg daga 1876 har rasuwarsa a 1907, da kalmomi biyu a bakinsa kullum: ikilisiya ta zama 'yantacciya, ta kuma zama rayayyiya. Ya dage cewa Sabon Alkawari ya san ikilisiyar Koranti da ta Afisa da ta Filibi, bai san wata hukuma da ke zaune a kansu ba. Ya kuma so faston da zai fito daga cikin jama'a ya koma cikinsu, ba wanda karatu zai ɗaga shi sama da mutanen da yake kiwo ba.

A 1890 ƙungiyoyi uku na 'yan Lutheran 'yan asalin Norway suka haɗe suka zama coci guda, Augsburg a matsayin makarantar tauhidinsu. Zaman bai yi tsawo ba. Masu rinjaye sun karkata ga kwalejin St. Olaf da ke Northfield, mutanen Augsburg kuwa suka ji tsoron za a yanke wa makarantarsu sashen share fage, a karɓe ikonta. Hukumar makarantar ta ƙi miƙa kadarorinta. A 1893 magoya bayanta suka fara taro da sunan Abokan Augsburg, aka kori wasu ikilisiyoyinsu daga babbar cocin, rigimar mallakar makarantar ta kai gaban alƙalai, a ƙarshe makarantar ta zauna a hannun mutanen Sverdrup. A watan Yuni na 1897, a Minneapolis, Abokan Augsburg suka zama 'Yantacciyar Cocin Lutheran.

Abin da suka amince da shi a wannan taro shi ne ginshiƙin AFLC har yau: Muhimman Ƙa'idoji goma sha biyu, tare da 'yan dokokin aiki. Ba su rubuta kundin tsarin mulki ba, da gangan. Ƙa'idojin gajeru ne, amma ba duka ne masu daɗin ji ba. Sun amince a fili cewa ba kowane wanda sunansa ke cikin rajistar ikilisiya ne mai bi na gaskiya ba, har ma wani yakan fake da zuwa coci ya ruɗi kansa. Don haka aikin ikilisiya ne ta riƙa tsarkake kanta ta wa'azi mai farkarwa da gargaɗi cikin ƙauna. Sun ce baye-bayen Ruhu ba na fasto kaɗai ba ne, a bar membobi su yi addu'a, su ba da shaida, su yi wa'azi. Sun ce ikilisiyoyi za su taimaki juna ta taruka da ziyara da ayyukan haɗin gwiwa irin su makarantu da aikin mishan, amma da yardar rai, ba da tilas ba, kuma babu rinjayen ƙuri'a da zai ɗaure ikilisiyar da ba ta yarda ba. Wanda ya karanta su da kyau zai ga cewa 'yancin da ake magana ba na kowa ya yi yadda ya ga dama ba ne. An sauke wa ikilisiya nauyin shugabanni ne domin a ɗora mata nauyin kanta, wannan kuwa ya fi wancan nauyi.

Shekaru sittin da biyar cocin ta yi a kan wannan tsari. Ta aika 'yan mishan kudancin Madagaska da China, ta ƙi shiga babbar haɗakar 'yan Norway ta 1917. Amma harshen Norway ya ɓace daga bakin jikoki, aka koma Turanci, bambancin da ya raba kakanni ya daina zama a sarari ga mutane da yawa. Da aka fara shirin kafa babbar Cocin Lutheran ta Amurka, wadda ta tabbata a 1960, an tambayi ikilisiyoyin sau uku ko su shiga. A 1955 da 1957 ba a sami rinjayen da ake buƙata ba. A 1961 aka samu. Haɗewar ta fara aiki a farkon 1963, da makarantar Augsburg da ayyukan mishan da duk abin da aka tara.

Wajen ikilisiyoyi arba'in suka ce ba da su ba. Hujjarsu ta fito ne daga ƙa'idojin kansu: idan rinjaye ba ya ɗaure ikilisiya, to ƙuri'ar 1961 ba ta ɗaure su ba. Suna kuma da damuwa kan sabbin hanyoyin nazarin Littafi Mai Tsarki da ke shiga makarantun tauhidi, da kan zama cikin Majalisar Coci-Coci ta Duniya, da kan sakacin da suke gani a rayuwar ibada. Su ne suka taru a Thief River Falls suka zaɓi Fasto John Strand shugaba. Da farko sun ci gaba da amfani da tsohon sunan, suna cewa su ne 'Yantacciyar Cocin da ba ta haɗe ba, sai kotu ta hana su. Suka fara daga sifili: mujallarsu, The Lutheran Ambassador, a 1963; makarantar tauhidi a 1964; makarantar Littafi Mai Tsarki ta shekara biyu ga matasa a 1966. Aikin mishan a Brazil ya soma tun a waɗannan shekaru na farko, da cibiya a Campo Mourão ta jihar Paraná. Ga mutane kaɗan, manoma mafi yawansu, waɗanda babu mai ikon sa musu haraji, wannan ba ƙaramin yunƙuri ba ne.

Yadda ake tafiyar da ƙungiyar yana ba baƙo mamaki. Kowace ikilisiya ita ke da gininta da filinta, ita ke kiran fastonta, ita ke sallamarsa, ita ke rubuta dokokinta. Ana shiga ƙungiyar ta amincewa da Muhimman Ƙa'idojin, ana fita ta ƙuri'ar membobi, ba tare da an rasa ko kujera ɗaya ba. Ba a yanka wa ikilisiya kason kuɗin da za ta aika hedkwata. Abin da ta bayar, baiko ne. Babban taron shekara-shekara ba na wakilai ba ne: duk memba mai ikon ƙuri'a a ikilisiyarsa yana iya zuwa ya yi magana ya jefa ƙuri'a, abin da taron ya yanke kuma shawara ce ga ikilisiyoyi. Makarantu da ayyukan mishan suna da hukumominsu daban masu rajista, akwai kuma Kwamitin Daidaitawa da ke riƙe da jerin fastocin da aka amince da su. Nan ne kaɗai ƙungiyar ke da abin da ya yi kama da haƙori, domin tana iya cire sunan fasto daga jerin. Shugaban ƙungiya mai ba da shawara ne. Idan rikici ya tashi a ikilisiya, sai an gayyace shi yake sa baki. Suna ganin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsarin yana da tsadarsa: ƙaramar ikilisiya da ta faɗa hannun fasto mai taurin kai ko iyali guda mai kaka-gida ba ta da wata kotun coci da za ta kai kuka, kuma buɗaɗɗen taro yakan fi jin muryar waɗanda ke kusa da inda aka yi shi. 'Yan ƙungiyar sun san da haka, sun zaɓi su zauna da shi.

A fannin bangaskiya kuwa ba su da sassauci. Suna riƙe da cewa Littafi Mai Tsarki hurarriyar Maganar Allah ce marar kuskure. Suna karɓar tsofaffin shaidun bangaskiya guda uku, na Manzanni da na Nikiya da na Atanasiyus, da Shaidar Augsburg ta 1530 yadda take tun asali, da Ƙaramin Katikizim na Luther na 1529. Ba su ɗora wa kansu dukan Littafin Concord na 1580 ba, gadon da suka samo daga cocin Norway da Denmark, wadda ita ma ba ta ɗora wa kanta shi ba. Suna yi wa jarirai baftisma, suna gaskata cewa jiki da jinin Almasihu suna nan a Jibin Ubangiji, suna koyar da cewa ceto ta alheri ne ta wurin bangaskiya. Amma jinin Hauge yana nan: wanda aka yi wa baftisma yana jariri na iya bauɗewa, sai an kira shi ga tuba. Shi ya sa ake tarukan addu'a da na falkaswa da sansanonin Littafi Mai Tsarki, sujadarsu kuma mai sauƙi ce, fastoci da yawa ba sa sa rigar limanci. Maza kaɗai suke keɓewa fastoci, kuma ba sa cikin Tarayyar Lutheran ta Duniya.

Cocin da 'yan'uwansu suka shiga a 1963 ta sake haɗewa da wasu a 1988, ta zama ELCA, mafi girman cocin Lutheran a Amurka. A lokacin wannan haɗewa, da kuma bayan shawarar da ELCA ta yanke a 2009 kan fastoci masu zaman jinsi ɗaya, wasu ikilisiyoyi sun fice sun nufi AFLC, ciki har da na zuriyar Jamusawa da 'yan Finland da Sweden da ba su taɓa jin sunan Sverdrup ba. Yaran ikilisiyoyin AFLC a ajin tabbatarwa sukan koyi katikizim ne daga littafin bayani na Harald Ulrik Sverdrup, mahaifin Georg, wanda shi ma ya taƙaito shi daga bayanin Erik Pontoppidan na 1737.