Daga Katsina zuwa Dutse: yadda aka horar da malaman Turanci a ƙasar Hausa

Yaron da aka haifa a Legas ko Fatakwal yana jin Turanci, ko da buroka ne, tun kafin a kai shi makaranta. Yaron Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ba haka yake tashi ba. Da Hausa ake ciniki a kasuwar Shuwarin, da ita ake wa'azi, da ita ake sasanta rikicin gona a gaban dagaci, kuma Bafulatanin ruga da Ibo mai shagon magani duk ita suke yi idan sun haɗu. Turanci a nan baƙon harshe ne, kuma ga mafi yawan yara malamin aji shi ne kaɗai bakin da za su ji shi a ciki. Saboda haka ingancin Turancin ɗan Jigawa ya rataya ne a kan irin shirin da aka yi wa malaminsa, fiye da yadda yake a wuraren da titi ke taya makaranta aiki. Tarihin shekara ɗari na wannan sana'a yana nuna cewa Turanci ya zauna a bakin ɗalibai a lokacin da aka daɗe ana gyara malami aka kuma ɗora sabon harshen a kan Hausar da yaro ya riga ya iya karantawa, ya kuma sukurkuce a lokacin da hukuma ta ɗauka cewa umarni a takarda zai iya maye gurbin horo.

Makarantar boko ta farko da gwamnatin Turawa ta kafa a ƙasar Kano ita ce wadda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909. Da Hausa ake karatu a cikinta. A wancan zamani Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Sarkin Kano, kuma aikin En'e, daga rasit ɗin haraji zuwa wasiƙar hakimi, ba ya buƙatar Turanci. Ƙari a kan haka, an taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, don haka hanyar da Turanci ya bi ya bazu a Kudu, wato coci da makarantarta, ba ta buɗe ba a nan. Ƙofa ɗaya ta rage, ita ce ta gwamnati. A 1921 aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, da nufin samar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. Shekara biyar ɗalibi ke yi, a ƙananan azuzuwa, a hannun malaman da Turanci harshen uwarsu ne, kuma an ba furuci da magana muhimmanci ƙwarai. Ahmadu Bello ya fito daga can ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Imam ya koyar da Turanci a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauchi, kuma lafazin da ya sa duniya ta san muryarsa a Katsina aka fara saita shi. Bayan an mayar da kwalejin zuwa Kaduna a 1938 ta yaye irin su Malam Aminu Kano da Maitama Sule, su ma da alli suka fara.

Ana yawan ambaton waɗannan sunaye, amma ba a cika duba tsanin da suka taka ba. A elemantare da Hausa ake koyar da karatu da rubutu da lissafi, sai a midil Turanci ke karɓar ragama. Yaro ba ya gamuwa da baƙon harshe gadan-gadan sai ya riga ya san cewa baƙaƙe suna ɗauke da ma'ana, ya saba da karanta labari ya fahimce shi. An kuma tanadar masa abin karantawa: gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, sannan Magana Jari Ce ta biyo baya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Akwai kuma wani gado da ya girmi boko nesa ba kusa ba. Ƙasar Hausa ta yi ɗaruruwan shekaru tana koyar da baƙon harshe, wato Larabci, kuma a makarantun zaure malami kan ja baƙi ya fassara da Hausa, jimla bayan jimla, har ɗalibi ya kai ga Nahawu da Luga. Yawancin waɗanda suka je Katsina sun fito ne daga gidajen da aka san wannan hanya. Ba su ɗauki harshen uwa a matsayin abokin gabar sabon harshe ba, domin sun ga malaman da suka ƙware a Larabci ta hanyarsa.

Mai suka zai ce wannan yabon tsarin mulkin mallaka ne, tsarin da ya zaɓi 'yan tsiraru, galibi 'ya'yan sarakai da malamai, maza zalla, ya bar talakan karkara a waje. Wannan gaskiya ce, kuma ƙasar Dutse tana cikin waɗanda suka ji a jika. Turawa sun yi rowar Turanci da gangan, don gudun kada Arewa ta samar da irin 'yan bokon Legas masu ja da hukuma, kuma giɓin da hakan ya haifar tsakanin Kudu da Arewa bai cike ba har yau. Sai dai laifin yana kan adadin waɗanda aka ɗauka da dalilin taƙaita su. Hanyar horon kanta ba ta da aibi: a ɗauki mutum, a daɗe ana sauraron bakinsa ana gyarawa, a nuna masa yadda ake gabatar da darasi, a tura shi aji a ƙarƙashin idon wanda ya fi shi. Abin da ya wajaba a kan waɗanda suka gaji mulki shi ne su faɗaɗa wannan hanya ta kai ga ɗan manomin Miga da 'yar makiyayin Gwaram. An faɗaɗa yawan makarantu, horon kuwa ya riƙa raguwa.

Gaggawar ta fara ne dab da samun 'yancin kai. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello tana neman 'yan Arewa da za su cike kujerun aikin gwamnati, kuma aikin da Turanci ake yin sa, don haka ra'ayin a fara da Turanci tun daga ƙananan azuzuwa ya yi ƙarfi a shekarun 1960. An yi ƙoƙari a ɓangaren malamai, ba a ce ba a yi ba. Kwalejojin horon malamai irin ta Wudil, wadda take kan hanyar Kano zuwa Dutse, sun riƙa yaye masu shaidar Gired Tu, rahoton Ashby na 1960 ya kai ga kafa manyan kwalejojin malamai a Zariya da Kano, sannan matasan sa-kai daga Amurka da Ingila sun cike wasu gurabe a sakandare.  Babbar girgizar ta zo a Satumban 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka buɗe kwasa-kwasan gaggawa, wasu na shekara ɗaya ko biyu, aka ɗauki malaman wucin gadi waɗanda wasunsu firamare kawai suka gama, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar don ta horar da su ta hanyar karatu daga nesa. A garin da yaro ke jin Turanci a waje, raunin malami yana iya ɓoyuwa. A ƙauyen Buji babu mai rufa masa asiri. Daga nan salon nan na malami ya faɗa aji ya amsa da murya ɗaya ya samu gindin zama, domin shi ne abin da mutum ke iya yi da harshen da bai mallaka ba a gaban yara masu yawa.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta gane matsalar, ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na yankin, Turanci ya shigo a matsayin darasi kafin daga baya ya zama harshen koyarwa. Tana da hujja a hannu. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada koyar da yara dukan firamare da Yarabanci, aka ware Turanci a matsayin darasi aka damƙa shi ga malaman da aka horar musamman dominsa, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun ma fi su a wasu darussan. Sashe na biyun nan, wato malami na musamman, shi aka fi mantawa idan ana ba da labarin gwajin. A makarantunmu abin da ya wanzu shi ne malami ya rubuta Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafe abin da ba su gane ba. Haɗa harsunan biyu ba laifi ba ne, malaman zaure sun tabbatar da amfaninsa. Illar ita ce ba a koya wa malamin yadda zai yi shi bisa tsari ba, yana yin sa ne a sace, kamar mai jin kunyar sufeto.

Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni, sai buƙatar Turanci ta ƙaru a sakatariya da kotu da asibiti, alhali jihar ta gaji ƙarancin malamai. A lokacin ana kan hanyar soke Gired Tu a mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Kwalejin Ilimi ta Gumel ta ɗauki babban kaso na wannan nauyi, daga baya Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ta jiha da ke Kafin Hausa a 2013, kuma shirye-shiryen ESSPIN da TDP da Birtaniya ta tallafa sun horar da malamai a bakin aiki. Ɗaga shaida abu ne mai kyau, amma an yi asara a cikinsa. Tsohuwar kwalejin Gired Tu ta kwana ce, mutum ya yi shekaru yana shirin zama malamin firamare ba wani abu ba. Mai karanta Turanci a babbar makaranta kuwa yakan fi ba da lokacinsa ga adabi da nazarin harshe, kuma idan ya yi fice sakandare ko ofis ke ɗauke shi. Abin da malamin aji biyu a Kiyawa ke buƙata ya bambanta da wannan. Ya san cewa bakin Bahaushe yana haɗa sautin p da f, yana mayar da v zuwa b, yana cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, kuma ya san atisayen da ke warware kowanne. Ya san cewa Hausa tana raba kowane abu zuwa namiji ko mace, don haka yaro zai yi tuntuɓe a wakilin sunan abubuwa. Ya iya zaɓar kalmomi kaɗan masu yawan amfani ya juya su cikin tambaya da amsa har yaro ya ƙirƙiri jimlarsa, ba wadda ya haddace ba.

Suka mafi nauyi a kan fara karatu da Hausa daga iyaye take fitowa. Jarrabawar WAEC da NECO da JAMB duk da Turanci ake rubuta su, wanda bai ci Turanci ba ba ya shiga jami'a, kuma iyayen suna ganin yaran makarantun kuɗi na Dutse suna magana da shi tun daga nazare. Wannan ra'ayi na fifita Turanci ya kai har saman gwamnati: a 2022 an amince da manufar koyarwa da harshen uwa a dukan firamare, a ƙarshen 2025 aka janye ta aka koma Turanci. Damuwar iyayen halas ce, domin makomar 'ya'yansu suke nema. Amma makarantar kuɗi tana cin nasara ne inda aji ƙarami ne, akwai littattafai, malama tana jin harshen, gida kuma yana taimakawa. Idan aka ɗauki sunan tsarin kaɗai aka kai shi ajin da ke cike maƙil, a hannun malamin da ba a shirya ba, an maimaita 1976 ne. Haka kuma komawa Hausa zalla ba ta ɗauke wa kowa aikin ba, tunda dole wani ya koyar da Turancin, ga kuma yaran rugagen Fulani da za a fara kaiwa ga Hausar kanta. Kowace manufa aka zaɓa a Abuja, aiwatar da ita a Jahun yana hannun wanda aka yaye daga Gumel ko Dutse ko Kafin Hausa, kuma waɗannan makarantu na da ikon ware fanni na musamman don malamin Turancin firamare, a gwada bakinsa kafin takardarsa, a kuma tsawaita zamansa a aji tare da gogaggen malami kafin a ba shi nasa.