Yunwa Ma Da Sunanta

Ƴan'uwa ɗalibai, in kuka tambayi wata tsohuwa a Matameye yaushe aka haifi ɗanta, ba lamba za ta faɗa muku ba. Cewa za ta yi, "Ai shekarar El Buhari ce." Mu da ke karatun harshe ya kamata mu kasa kunne, don a bakin talaka sunan yunwa tarihi ne, wani lokaci ma ƙara ce ya kai.

Mu fara da Kakalaba, ta 1913 zuwa 1914. Damina ta ƙi, hatsi ya ƙare. A lokacin Damagaram ce mazaunin mulkin Nasara a Nijar, amma lanho bai tsaya ba. Wanda rumbunsa ya bushe sai ya saida akuya, ko ya gudu kudu. Bayan samun ƴancin kai a 1960 ma an ci gaba da tura manoman yankinmu ga gyaɗa, SONARA na saye tana fitarwa waje. Da farin 1973 ya zo, aka yi ta kukan cewa abincin agaji ba ya isa hannun mabuƙata. Ran 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani, kuma yunwar na cikin hujjojinsa.

To El Buhari fa? A 1984 Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, ga fari. Mu da Daura ke bayan gidanmu, an toshe mana hanyar hatsi. Mutane ba su laƙa wa yunwar sunan fari ba, sunan mai mulki suka ba ta.

Ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Ailan, daga 1845, cuta ta cinye dankalin turawa. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, alhali jiragen ruwa na ta fita da abinci zuwa Ingila, mai mulkinsu. Matasansu sun yi bore a 1848, aka murƙushe shi, amma ɗacin ya raini fafutukar neman ƴanci. Harshensu kuwa ya ja baya, don talakawan da ke magana da shi su suka fi mutuwa da hijira.

A 2005 Shugaba Tandja ya musanta cewa akwai yunwa, alhali asibitocin Maraɗi da Damagaram cike suke da yara ramammu. Wannan karon har kalmar aka yi gardama a kanta.

Hutun nan, kowa ya zauna gaban kakarsa da biro. Sunayen yunwar garinku nawa ta sani, kuma wa aka ɗora wa laifi a cikinsu? Ku rubuta, mu haɗa a fitowa ta gaba.