Amo Guda, Magana Dubu: Jitar Bes da Kiɗan Tsirkiya a Ƙasar Kura

Akwai masu ganin kiɗan da ya tsaya kan haɗin amo guda, ba hawa ba sauka, talaucin fasaha ne. Wannan maƙala tana musun haka, kuma hujjarta na nan kusa, a bakin makaɗan garaya da gurmi da kukuma na karkarar Kano.

A jaz na Amurka, sauyin haɗin amo shi ne ke yi wa makaɗi jagora. Da Miles Davis ya fitar da "So What" a 1959, sai ya rage sauyin zuwa biyu kacal, ya bar wa Paul Chambers, mai kaɗa bes, ɗauko taken. James Brown ya zarce nan: a "Sex Machine" ta 1970, mai bes ɗinsa, Bootsy Collins, ya shafe mafi yawan waƙar kan amo guda, sharaɗinsa kawai ya dira a bugun farko. Larry Graham kuwa, shi ma mai bes, ya fara dukan tsirkiya da babban yatsa ne don cike gurbin mai ganga, lokacin da yake kiɗa tare da mahaifiyarsa. Duk masu bes ɗin nan uku sun ci karo da tambaya ɗaya: idan tushe bai motsa ba, me zai hana kunne gundura?

Ɗanmaraya Jos ya amsa ta da kuntigi mai tsirkiya ɗaya har rasuwarsa a 2015. Garba Supa ya amsa ta da kukuma a Kano. Makaɗin garaya yakan riƙe zubi ɗaya tsawon dare, amma yana jinkirta bugu, yana gaggauta shi, yana danne tsirkiya ta shaƙe, yana yin shiru daidai inda mai rawa ya sa ran amo. Shirun nan shi ya fi wuyar koyo, don hannun sabon shiga ƙaiƙayi yake yi. Manomin Kadawa a karkarar Kano zai gane wannan da sauri: ruwan Tiga, madatsar da aka kammala a 1974, gudu ɗaya yake yi a babbar magudana, gwanintar mai ban-ruwa tana wajen sanin lokacin buɗewa da lokacin toshewa.

Sai dai makaɗinmu yana da abin da mai bes ba shi da shi. Hausa harshe ne mai karin sauti, don haka tsirkiya ko kalangu na iya furta take da kirari, mai sauraro ya ji sunansa ya zabura. Abin da mai bes ke nema ta hanyar ƙawata amo, namu yana samunsa ta magana.

Abin da ke damuna shi ne filin da wannan fasaha ke girma yana ƙanƙancewa. A gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure, ƙwadago na kuɗi ya rinjayi gayya, kuma ɗan ƙwadago ba a kira masa gangar noma. A gidan biki, fiyano da kiɗan kwamfuta su ma amo guda suke maimaitawa, amma na'ura ba ta ganin ƙafar mai rawa, balle ta jinkirta masa bugu. Ya kamata masu nazarin kiɗa a Jami'ar Bayero su ɗauki sautin dattawan makaɗan yankin zama guda cikakke, ba a yanke ba, domin sauyin da ake magana a kansa ba ya bayyana a minti uku.