Keken Babanmu Da Ruwan Haɗejiya

Na san kun saba jina da labarin soyayya da rikicin kishiyoyi, to yau ku yi mini haƙuri, zancen wani tsohon keke na zo muku da shi.

Keken na mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa. Baƙin Raleigh ne mai kariya babba a baya, ya fi shekara ashirin a jingine a soron gidanmu da ke cikin birni, tayoyin sun saɓe, sarƙar ta yi tsatsa. Da aka zo rabon gado sai Yaya babba ya ce a kira 'yan gwangwan su auna shi a kilo a huta. Ni kuwa na ce ban yarda ba. Ya ce, "Ke da ba ki taɓa hawa keke ba, me za ki yi da shi?" Na ce, "Yaya, a yi masa kuɗi a cire a cikin rabona." Aka yi ta dariya, har da masu cewa rubuce-rubuce sun taɓa mini kai. Abin da ba su sani ba, tun ina sakandare nake da wani littafin rubutu da na cika da hirar da Baba yake yi da abokansa a soro bayan isha'i, ina laɓe a bayan ƙyaure. Rabin hirar nan a kan keken nan ne da hanyar da ya bi.

A 1972 Baba ya fara fita fatauci, yana saurayi, da kayan kolin ubangidansa na Kasuwar Kurmi: turare, kwalli, madubi, allura da zare, da 'yan turamen atamfa. A wancan zamani keke dukiya ne. Har lasin ake yanka masa a wajen hukuma, kuma wanda ya mallaki Raleigh, ƙirar birnin Notingam na Ingila, ana kallonsa kamar yadda ake kallon mai mota yanzu. Daga baya ne Phoenix ɗan ƙasar Sin ya shigo da araha. Baba yakan fita ta Ƙofar Nasarawa da asuba ranar Alhamis, ya kwana a Wudil don ya ci kasuwar Juma'a, daga nan kuma sai ya saki kwalta ya bi ruwa.

Ga wanda bai san ƙasar ba, bari in ɗan fayyace. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa a kudu da birni, su gangara Wudil, daga nan sunan ya koma Kogin Haɗejiya. Ya wuce ta ƙasar Ringim, ya bi ta wajen Auyo ya isa Haɗejiya. To bayan Haɗejiya ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ruwa ba ya samun gangaren da zai yi gudu, sai ya rarrabu reshe-reshe, wani ya bi Marma ya zuba a tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, har a je a haɗu da Kogin Jama'are a kusa da Gashuwa, a zama Kogin Yobe mai tafiya Tafkin Chadi. Duk damina ruwan nan yakan malale fadamun, ya kwanta wata biyu ko uku, sannan ya janye. A lokacin babu Jihar Jigawa babu Yobe, sai a 1991 aka yi su. Haɗejiya tana cikin Jihar Kano.

Baba ya ce lokacin tafiyar shi ne bayan kaka, idan ruwa ya janye laka ta bushe ta yi tauri. A nan keke yake nuna kansa, don babu tudu babu kwari, ka taka sau ɗaya ya yi ta tafiya. Wahalar tana kan jigawa, inda yashi yake riƙe taya, dole ka sauka ka tura da kaya niƙi-niƙi. Inda kuma ruwa bai gama janyewa ba, sai a hau jingar da manoman shinkafa suka tayar a gefen gonakinsu. Jingar nan faɗinta bai fi taku ɗaya ba, dama ruwa hagu ruwa, in ka kalli gefe ka faɗa. Ya ce sau biyu yana faɗawa, na biyun har turmin atamfa guda ya jiƙe, sai da ya biya ubangidansa daga ladansa. Inda ruwan ya yi zurfi akwai masu fito, a ɗora keke a kwale-kwale, mutum kuɗinsa daban, keke kuɗinsa daban.

Abin da ya fi yawan maimaitawa shi ne yadda fili ɗaya yake ciyar da mutum uku a shekara ba tare da faɗa ba. Ruwa ya zo, masunta su kama tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa, manomi ya girbe shinkafarsa. Ruwa ya janye, a shuka wake da dawar rani a kan danshin da ya bari, a gefen kogi kuma a kafa jigo ana ban ruwan albasa da barkono. Can cikin rani Fulani su iso da shanu su ci ɗanyar ciyawa. Sama kuma tsuntsaye ne ba iyaka, ɗinya da kirinjijiya da zalɓe, da wasu baƙi da suke tasowa tun daga Turai suna gudun sanyin can. Shi Baba bai san daga Turai suke ba sai da wani malamin daji ya gaya masa. Idan kayan koli sun ƙare sai ya cika kariya da bandar kifi da tabarmin kaba, ya isa Nguru ya saka keken a jirgin ƙasa, wanda layinsa ya kai can tun 1930, ya sauka a tashar Kano. Tafiyar takan ci masa mako uku.

Sai fari ya zo. Damina ta 1972 da ta 1973 ba su yi kyau ba, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ta kwararowa birni. A daidai lokacin gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, yana gina madatsun ruwa. An fara da Bagauda, sannan babbar, wato Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, ta karɓi aikin noman rani na Kadawa. A 1992 aka ƙara da madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye.

Ni ba zan zagi Tiga ba, in na zage ta na yi butulci. Duk wanda ya ci shinkafar Kura, ko ya ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ko ya tuna alkamar Kadawa a shekarun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga 1987, ya san abin da ruwan nan ya yi wa mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam. Ko ruwan famfon da muke jira a cikin birni, daga kogunan nan ake ɗebo shi. Baba ma kansa ya ce bai taɓa hawa hanya mai daɗin keke irin bakin kanal ɗin Kadawa ba, a miƙe sambal, an daddaɓe ta, ruwa yana bin ka a gefe, manoma a jere kowa da buhun taki ko kwandon tumatir a kariya. Har ya ɗan koma can da ciniki, don kuɗi ya koma can.

Amma fa ruwan da aka tsare a sama, na ƙasa ne aka rage wa. Abin ya zo wa mutanen Haɗejiya da Nguru ta fuska biyu, kuma ta biyun ita ce ban gane ba sai da na girma. Ta farko, ambaliyar damina ta ragu, fadamun da suka saba shan ruwa kowace shekara suka zama fako. Ta biyu, kogin da a da yake ƙafewa ƙaf da rani ya koma yana ɗan gudana shekara zagaye, saboda sakin da ake yi daga madatsa. Kai ka ce alheri ne. Ashe bushewar nan ta rani ita take kashe ciyawar kacala. Da ta samu ruwa marar yankewa sai ta yi kaka-gida, ta fi mutum tsayi, ta tare laka ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan da ya kamata ya wuce Gashuwa sai ya karkata ya taru a ɓangaren Marma da Nguru, ya cinye gonaki bai janye ba, wasu rassan kuma suka bushe. Wani ƙauye yana kukan ruwa ya yi yawa, na gaba da shi yana kukan babu. A cikin kacalar kuma tsuntsayen jan-baki suke kwana, gari ya waye su sauka a kan gero da shinkafa.

Duniya ta san da maganar. A 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗejiya da Nguru, a 1989 mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya zo har Dagona kallon tsuntsaye, a 2000 kuma aka saka tafkin Nguru da Marma a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, shi da abokan aikinsa sun yi lissafi a shekarun 1990, suka nuna cewa in aka haɗa kifi da itace da amfanin gona, ruwan da aka bari ya malale fadama ya fi kawo riba a kan irinsa da aka zuba a kanal. Lissafin dai ya zo bayan an gama gini.

Fitar Baba ta ƙarshe a 1994 ce. Ya ce ya isa wani wuri gaba da Haɗejiya inda ya saba ratsawa a kan keke cikin rabin sa'a, ya tarar da kacala ta rufe ko'ina, ba hanyar keke ba ta kwale-kwale. Mai masaukinsa na shekara ashirin, masunci ne, aka ce masa ya tashi da iyalinsa ya tafi bakin Chadi. Ya kwana ɗaya ya juyo ta kwalta, ya jingine keken a soro, ya kama rumfa a Kurmi.

A daminar 2022 da ruwa ya ci Jigawa, na ga hotunan mutanen Haɗejiya a waya, manya da yara suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga dare da rana don kada kogi ya shiga gari. A cikin wani hoton akwai wani dattijo da ya ɗauro buhu biyu a kariyar baƙin keke yana turawa a kan jingar. Na daɗe ina kallonsa.

Keken dai an yi masa kuɗi an cire a rabona. Na sa almajirin gidanmu ya tura shi wajen wani tsohon mai faci a bakin Ƙofar Mata. Ya juya shi ya buga ƙarfen da ɗan yatsa ya saurara, ya aiko a gaya mini taya da tub da sarƙa ne kawai za a sake, ƙararrawar ma tana nan da ranta. Da aka cire sirdin don a shafa mai, sai ga wata 'yar takarda a naɗe a cikin bututun, rubutun ajami na Baba, sunayen ƙauyuka goma sha ɗaya daga Wudil zuwa Nguru, kowanne da bashin da ake binsa ko yake bi. Na kai wa Yaya babba ya karanta mini, don ya fi ni ajami. Da ya zo kan na takwas sai ya tsaya, ya ce wannan sule uku ne na kuɗin fito, kuma ba a soke shi ba.