Yadda ake gane kamfanin da ya ƙera tsohuwar na'urar haɗa sauti

Na'urar haɗa sauti, wadda masu sana'a ke kira mikisa, ita ce ke karɓar murya daga makirufo da sautin kayan kiɗa, ta daidaita su, sannan ta miƙa wa amfilifaya da lasifika. Da ita ake aiki a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, haka nan a wuraren wa'azi, saukar Alƙur'ani da bukukuwa a garuruwa irin su Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori na hannu ne, waɗanda ke shigowa ta kasuwar Alaba da ke Legas. Sai dai sunan da ke goshin na'ura sau da yawa na mai sayarwa ne, ba na maƙeri ba. Wanda bai san haka ba yakan biya kuɗin suna, ko ya rasa kayan gyara ranar da ta lalace.

Dalilin sauya suna

Hanyoyi uku ne ke kawo wannan bambanci. Ta farko, kamfani ɗaya ya riƙa amfani da sunaye da dama. Sunan National, wanda ya shahara a kan rediyo da rakoda a ƙasar Hausa, mallakar kamfanin Matsushita ne, wanda Konosuke Matsushita ya kafa a birnin Osaka na Japan a 1918. Shi ne kuma mai Technics da Ramsa, kafin ya koma Panasonic baki ɗaya a 2008. Haka Tascam, reshe ne na kamfanin TEAC.

Ta biyu, ɗan kasuwa ya ba wata masana'anta kwangila, ya manna nasa sunan. Shagunan RadioShack na Amurka sun daɗe suna sayar da ƙananan mikisa da sunan Realistic, alhali yawancinsu a Japan, Koriya ta Kudu da Taiwan aka ƙera su. A Jamus ma, makirufon U47 na kamfanin Neumann ne, amma da yawa sun fita kasuwa da tambarin Telefunken, domin shi ne dillalinsu.

Ta uku ita ce jabu, inda ake liƙa sunan babban kamfani a kan kayan da ba nasa ba. Biyun farko ciniki ne na halal, ta ukun kuwa ha'inci ce.

Abin da bayan na'ura ke faɗa

Bincike yana farawa ne daga farantin da ke bayanta. A nan ake samun lambar samfuri, ƙasar da aka ƙera ta da ƙarfin wutar da take ɗauka. Idan an rubuta Jamus ta Yamma, an yi ta ne kafin haɗewar ƙasar a 1990. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka kan zo da lambar UL mai farawa da harafin E, wasu kuma da lambar FCC ta hukumar sadarwar ƙasar. Duka biyun ana iya bincika su a intanet, su nuna kamfanin da ya yi rajistar na'urar, wanda sau da yawa shi ne maƙerin.

Batun wuta ma abin lura ne. Japan na amfani da bolt 100, Amurka 120, Nijeriya kuwa 230. Na'urar da aka jona kai tsaye ba tare da taransifomar rage wuta ba, ƙonewa za ta yi.

Abin da cikinta ke faɗa

Buɗe na'ura aikin mai gyara ne, bayan an cire ta daga wuta, domin kafasita kan riƙe caji. A kan allon ciki masana'anta kan buga tambarinta ko lambar aikinta. Idan aka ga allo iri ɗaya a cikin na'urori biyu masu suna daban, to daga gida ɗaya suka fito.

Ƙananan sassa kuma suna faɗin shekaru. A jikin yawancin aisi akwai lambobi huɗu: 8412 na nufin mako na 12 na shekarar 1984. Maɓallan murɗawa da lambarsu ta fara da 137 na kamfanin CTS na Amurka ne. Amma a kula, wanda ya ƙera sashe ɗaya ba lallai ne shi ya harhaɗa na'urar ba, kuma mai gyara na iya sauya wani sashe daga baya. Saboda haka ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Sai farantin baya, allon ciki da shekarun sassa sun yi daidai da juna.

Amfanin wannan sani

Idan aka gane maƙeri, an samu hanyar nemo taswirar wayoyin na'urar da kayan gyaran da suka dace da ita, ko da sunan da ke goshinta ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa. Kwamitin masallaci ko mai ba da hayar lasifika da zai sayi ta hannu, ya kyautu ya tafi da mai gyara, a duba baya da ciki kafin a yi ciniki.