Risiba, amfilifaya da wufa: abin da ya kamata ka sani kafin ka shiga Alaba

Talabijin irin ta yanzu, mai faɗi siririya, hotonta ya fi muryarta nesa ba kusa ba. Dalilin a fili yake: jikinta ya sirance har babu wurin da za a sa sifika ta kirki, sai wasu 'yan mitsi-mitsi da ke fuskantar ƙasa ko bango. Shi ya sa kowa ke neman abin da ake kira hom tiyata. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, a kara na tashi, amma kayan sauti sun daɗe da shiga raina, har ta kai in wani a unguwa zai saya sai ya ce in raka shi kasuwar Alaba da ke Ojo. Abin da nake gaya musu a hanya shi ne na rubuta a nan.

A fara raba sunayen tukuna, don 'yan kasuwa na cakuɗa su. A wurinmu in an ce risiba, hankali kan tafi ga akwatin dish. Ba ita nake nufi ba, waccan dikoda ce. Risibar sauti akwati ce mai nauyi wadda duk wayoyi ke haɗuwa a bayanta: dikoda, na'urar gem, har wayar hannu ta Bluetooth. Ita ke tura hoto zuwa talabijin, ta rarraba sauti ga sifiku, kuma akwai amfilifaya a cikinta. Amfilifaya shi kaɗai ba shi da aiki sai ƙara wa sauti ƙarfi. Wufa kuwa, wadda cikakken sunanta sabwufa, ita ke fitar da amon ƙasa, irin rugugin tsawa da dukan ganga da kake ji a ƙirjinka.

Lambobin da ake rubutawa, 2.1 ko 5.1 ko 7.1, ƙidayar sifiku ce. Lambar farko yawan sifiku, ta bayan ɗigo wufa. A 5.1 akwai hagu da dama, da ta tsakiya, da biyu a gefen mai kallo ta ɗan baya. Tsarin ya fito ne daga silima: Dolby Digital ya bayyana a 1992 da fim ɗin Batman Returns, DTS ya biyo a 1993 da Jurassic Park, sai Dolby Atmos a 2012, wanda ya ƙara sauti daga sama. In ka ga 5.1.2, biyun ƙarshe sifikun sama ne.

To amma kafin ka ɗauki kowace lamba, ka tambayi kanka me kake kallo. Akasarin finafinan Hausa da shirye-shiryen da muke bi a YouTube, da wa'azi da karatu, a hanya biyu aka naɗe su, hagu da dama. Ko ka jera sifiku bakwai, ba za su ƙirƙiro abin da ba a naɗa ba, sai dai risiba ta kwaikwaya. Wanda ke cin moriyar 5.1 shi ne mai kallon finafinan waje a Netflix, ko mai gem, ko mai wasu tashoshin DStv da ke aiko da Dolby. Ga mai ɗaki da falo a Agege ko Sabon Ibadan, ni a ganina sifiku biyu masu kyau da wufa ɗaya sun fi tarkacen guda biyar na roba. In kuɗi ya ƙaru, ta tsakiya za ka fara ƙarawa, domin ita ke ɗauke da magana. Yawan ƙorafin "kiɗa ya danne murya" daga nan yake.

Maganar wat

Nan ne aka fi cutar mutane. Za ka ga kwali an rubuta wat dubu uku ko dubu biyar da manyan haruffa, a gefe an maƙala PMPO. Wannan ma'auni ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa shi. Abin nema shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore ba tare da sauti ya dagule ba. Kuma ka duba ko na kowace sifika ne ko jimilla aka haɗa, da kuma sifiku nawa ke aiki lokacin da aka auna. Risibar da aka ce wat 100 da sifika ɗaya tana aiki, in biyar suka taso tare ba za ta ba kowacce 100 ba.

Akwai dabara mai sauƙi. Juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ja. Ba ma'auni ne cif-cif ba, amma na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta ci. In baya ya ce wat 90, kwali ya ce 5000, ka san wanda ke ƙarya. A kara ba a sayen sa don tsawon ƙaho. Babana bakinsa yake buɗewa ya ga haƙora, ya shafa haƙarƙari, ya sa a tayar da shi ya yi tafiya. Haka za ka yi wa risiba. Ka ma ɗaga ta. Irin na da masu taransifoma a ciki, nauyinsu alama ce mai kyau, ko da yake sababbi masu tsarin Class D ba su da nauyi kuma suna da ƙarfi, don haka kar ka yanke hukunci da nauyi kaɗai.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ninka wat ba ya ninka ƙara. Daga wat 50 zuwa 100, ƙarin dB 3 ne kawai, ɗan bambancin da kunne zai lura da shi, shi ke nan. Kafin ka ji ƙara ta ninka sai an ƙara kusan dB 10, wato wat ya ninka sau goma. Saboda haka kar ka biya kuɗi mai yawa don bambancin wat 80 da 100. Gara ka duba lambar da ke jikin sifika mai nuna yadda take amsa wuta, kamar 87 dB ko 90 dB. Mai 87 sai ta ci ninkin wutar mai 90 kafin su yi ƙara ɗaya. A falo irin namu, wat 50 zuwa 80 na gaskiya ga kowace sifika ya isa har maƙwabta su zo sallama.

Sai om. Yawancin sifikun gida om 6 ne ko 8, wasu 4. Duk yadda lambar ta yi ƙasa, haka sifika ke jan wuta daga amfilifaya, ya yi zafi. A bayan risiba, kusa da inda ake ɗaura waya, an rubuta abin da take ɗauka. Sifikun da ke zuwa cikin kwali ɗaya da na'urarsu sau da yawa om 3 ne ko 4, an ƙera su ne don waccan na'urar kaɗai. In ka kwaso su ka ɗaura wa risiba mai neman 6 zuwa sama, za ta riƙa kashe kanta. Haka ɗaura sifiku biyu a baki ɗaya: 8 da 8 sun koma 4.

Sabuwa ko tokunbo

Sunayen da aka sani a risiba su ne Yamaha, Denon, Marantz, Onkyo, Pioneer da Sony. Sabuwa tana da tsada, shi ya sa da yawanmu tokunbo muke duba, kuma ba laifi, akwai masu kyau. Abu na farko dai wuta. Tamu bolt 230 ce. Kayan Ingila da Jamus sun dace da ita. Na Amurka da Kanada 120 ne, na Japan 100. In ka soka irin waɗannan kai tsaye, sai hayaƙi. Dole sai da taransifomar rage wuta, wadda ƙarfinta ya haura abin da na'urar ke ja sosai. In ka haɗa kuɗinta da ɗawainiyarta, arahar ta gudu. Ka karanta rubutun baya da idonka, kar ka tsaya ga "Oga, e dey work" na mai shago.

Na biyu, ramukan haɗi. Nemi HDMI mai alamar ARC, wanda ya shigo a 2009, ko eARC na 2017. Da shi waya ɗaya za ta dawo da sautin talabijin cikin risiba, rimot ɗin talabijin kuma ya iya ƙara murya. In kana son hoton 4K ya ratsa ta cikinta, sai tana da HDCP 2.2. Tsohuwar da ba ta da waɗannan ba ta mutu ba fa. Ka haɗa komai da talabijin, ka jawo sauti da wayar oftikal, mai jan haske a baki. Tana ɗaukar Dolby Digital da DTS na 5.1, Atmos ne dai ba ta ɗauka.

Kar ka biya sai an gwada a gabanka, kowane bakin sifika ɗaya bayan ɗaya, kowane ramin HDMI. A bar ta tana aiki kamar minti ashirin, don wasu sai sun ɗau zafi suke nuna halinsu. Je da filashinka mai abin da kunnenka ya saba da shi, musamman magana zalla, domin kowace na'ura tana daɗi da kiɗan da mai shago ya zaɓa. Ka karɓi rimot na asali da rasit mai lambar shago. Yaran da ke tarar mutum a bakin kasuwa kuwa dillalai ne, la'adarsu na cikin farashin da za a gaya maka, kamar dai a kara.

Wufa

Iri biyu ce. Akwai mai amfilifaya a cikinta, wadda ake sokawa a wuta, akwai wadda ba ta da shi. Kusan duk risiba ta kirki ta farkon take nema: rami ɗaya ne a baya, ka ja waya zuwa wufa. Wufar da aka ciro daga saitin kwali galibi ta biyun ce, in ka haɗa ta da wannan ramin ba za ka ji komai ba.

Girma: inci 8 don ƙaramin ɗaki, 10 don falo matsakaici, 12 don babba. Mai rami a jiki ta fi ƙara da rugugi, ta dace da fim. Rufaffiya ta fi ƙanƙanta, dukanta kuma a tsare yake. Wufa mai kyau ba ta gunji iri ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshe. In ka kasa bambanta dukan ganga da na jita, bar ta a shagon.

Kunnen mutum na ji daga Hz 20 zuwa 20,000. Aikin wufa daga wajen 80 ne zuwa ƙasa, kuma 80 ɗin ce iyakar da kamfanin THX ya tsayar, aka bi. Shiga saitin risiba ka nuna mata sifikunka ƙanana ne, ka sa iyaka a 80. In 'yan mitsi-mitsi ne sosai, ɗaga zuwa 100 ko 120. Wannan kaɗai zai sauke wa risiba nauyi, murya ta fito tas.

Wurin ajiye ta ya kusa kai ingancinta muhimmanci. Igiyar sautin Hz 40 tsawonta ya kai mita takwas da rabi, ta fi yawancin ɗakunanmu. Sai ta riƙa karo da bango tana dawowa, wani wuri amo ya taru, wani wuri ya ɓace ɗungurungum. Kusurwa na ƙara ƙarfi amma takan kawo gunji. Ga yadda ake nemo wurin: ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, kunna kiɗa mai amo, ka zagaya gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji ya fi daɗi, nan za ka ajiye ta. Mutanen gida za su yi dariya, ƙyale su. Wannan tsawon igiyar kuma shi ke sa amo ratsa bulo. A gidan haya mai ƙofa na kallon ƙofa, abin da kake ji daidai, na bayan bango girgiza yake ji. Ɗora ta a kan roba mai kauri ko darduma, ka janye ta daga bangon da kuka haɗa, da dare ka rage. A Legas hukumar LASEPA na rufe wurare saboda hayaniya, amma tun kafin a kai nan mai gida zai ba ka takardar tashi.

Amfilifaya na daban fa? Mai falo ba ya bukatarsa, sai in sifikunsa manya ne masu om 4, kuma sai risibarsa na da ramukan fitar da sauti zuwa gare shi, waɗanda ƙananan risibu ba su da su. Wanda ke bukatarsa da gaske shi ne mai gidan kallon ƙwallo. Shi ya manta da 5.1, ya nemi amfilifaya irin na taro mai fanka a ciki, da manyan sifiku biyu a rataye sama da kan mutane. Kuma a sani, ƙaramin amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe ya fi babba saurin ƙona sifika. Da ka ji sauti ya fara tsagewa, rage.

Saura wuta da yanayi. Sitabilaiza wajibi ce, da soket mai kare tashin wuta. In an ɗauke, kashe risiba, kar ka kunna sai janareta ya daidaita. Inbata mai araha wadda wutarta ba sumul take ba tana sa taransifoma ƙugi da zafi. In kana jin "huuum" a wufa, zare wayar dish daga dikoda ka gani, sau da yawa daga nan take. Bar wa risiba sarari kamar tafin hannu a sama, kar a ɗora mata dikoda ko a lulluɓe ta da kyalle tana aiki. Danshin Legas da Fatakwal na cin soson da ke zagaye da bakin sifika, don haka a tokunbo ka taɓa shi a hankali, mai zoben roba ya fi daɗewa. Ramin wufa kuma ɗakin ɓera ne da kyankyaso, a riƙa leƙawa.

Waya ba sai mai tsada ba. Ta jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita 1.5 ta wadatar a falo, sai dai akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, kankare bakin ka ga ko fari ne a ciki. Ja ga ja, baƙi ga baƙi a kowace sifika, in ka juya guda amo zai ragu. Risibu da yawa na zuwa da ɗan makirfo na auna ɗaki, Yamaha na kiran tsarinta YPAO, Denon da Marantz na amfani da Audyssey. A tokunbo yawanci ya ɓace, ka tambaya tun a shago. In babu, ɗauki tef ɗin tela ka auna nisan kowace sifika zuwa kujerarka, ka shigar da lambobin da hannu.