Kofin Ƙarshe na Sojojin Ruwan Ingila

Yau za mu leƙa tarihin wata barasa. Kafin wani ya ɗaga gira, mun san hukuncinta a wurinmu, kuma ba tallarta muka zo yi ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda ragowar abin shan talakan soja ta koma kayan alfarmar attajirai, da kuma mutanen da ake mantawa da su idan ana ba da labarinta.

Turawa na kiran ta rum. Ba ta da alaƙa da Rumawa, daga rake take fitowa. Idan an matse rake an dafa an cire sukari, akwai wani baƙin ruwa mai kauri kamar maɗi da ke ragewa. Shi ake bari ya yi tsami, a tace shi da wuta, a zuba a gangunan katako ya shekara.

Yadda ta shiga jirgin yaƙi kuwa, matsalar ruwan sha ce sila. A wancan zamani jirgi kan yi watanni a teku, ruwan da ke cikin ganga ya yi gansakuka, giyar hatsi kuma ta lalace da zafi. Da Ingila ta ƙwace tsibirin Jamaika daga hannun Sifaniya a 1655, sai jiragenta suka samu abin sha mai arha wanda ba ya ruɓewa. A 1731 ya shiga doka: kowane soja yana da wajen kwatan lita a rana, tsantsarta.

Kowa ya san abin da zai biyo baya: maye, faɗa, da faɗowa daga saman jirgi. A ranar 21 ga Agusta 1740 Admiral Edward Vernon ya ba da umarnin a riƙa sirka ta da ruwa, kashi ɗaya na barasa kashi huɗu na ruwa, a raba sau biyu a rana. Sojoji suna yi masa laƙabi da Old Grog saboda wata alkyabba da yake yawan sawa, sai suka laƙaba wa haɗin suna grog. Daga baya aka yi ta rage rabon, har a 1850 ya tsaya a wajen mililita 70. Wanda bai kai shekara 20 ba ba shi da rabo, wanda kuma ba ya sha ana biyansa kwabo uku a rana, wato toro. Sannan hana mutum rabonsa yana cikin horon da ake yi wa mai laifi. Ke nan kofin nan lada ne, kuma linzami ne.

An ci gaba a haka har zamanin na'urori. A ƙarshen 1969 hukumar sojojin ruwa ta ce bai dace a ba wa mai kula da injina masu sarƙaƙiya barasar da ƙarfinta ya haura kashi 54 cikin ɗari da rana tsaka ba. Majalisa ta yi muhawara a Janairun 1970, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ranar 31 ga Yuli 1970 aka raba kofin ƙarshe. Wasu sojoji sun ɗaura baƙin ƙyalle a hannu, wasu har jana'izar wasa suka yi. Suna kiran ranar Black Tot Day, wato baƙar ranar kofi. Kanada ta bi sahu a 1972, New Zealand kuma sai 1990.

Ragowar barasar an adana ta a tulunan yumɓu da aka saƙa wa kwando. Bayan shekara 40, a 2010, wani kamfani a Landan ya tattara abin da ya samu, ya ɗura a kwalabe da sunan Black Tot Last Consignment, kowace a kan kusan fam 600. Masu ɗanɗano sukan zuba kaɗan a ƙaramin kofi, su bar ta ta sha iska, su shinshina kafin su kurɓa. Suna cewa tana da nauyi a baki, da ƙamshin ƙonannen sukari, gahawa, taba da tsohuwar fata. Sai dai ga wani abu: barasa a gangar katako take nuna, idan ta shiga tulu ko kwalba ta tsaya. Shekarun nan 40 ba su ƙara mata wani girma ba. Wanda ya biya wannan kuɗi, labari ya saya.

To, labarin wa? Abin da aka fi ji shi ne jarumtaka a teku da sunan Nelson. Amma haɗin da aka riƙa yi a ma'ajiyar sojojin da ke Deptford, a Landan, daga gonakin Jamaika, Barbados, Trinidad da Guyana yake fitowa. Tsawon shekaru kusan 180 na farkon wannan al'ada, masu sare raken nan bayi ne, da yawansu daga Afirka ta Yamma aka kwaso su. Ita kanta barasar rake tana cikin hajar da fatake Turawa ke musanyawa da mutane a gaɓar tekunmu.

Abin ya fi ɗaure kai idan muka duba 1808. A shekarar ne Ingila ta tura jiragen yaƙi su riƙa tare masu safarar bayi a gaɓar Afirka ta Yamma, bayan ta haramta cinikin a 1807. Amma bautar kanta ba a soke ta a gonakin ba sai 1834. Sojan da ya kwance sarƙar bawa da safe, da rana zai karɓi rabonsa daga abin da gonakin bayi suka samar. A tsakanin nan ne, a 1823, bayi fiye da dubu goma suka yi bore a Demerara, cikin Guyana ta yau, aka murƙushe su da bindiga. Da aka zo 'yantarwa, gwamnati ta ware fam miliyan 20 na diyya, amma ga iyayen gijinsu. Bayin ko kwabo ba su samu ba.

Mu da muke riƙe da alƙalami, a nan darasinmu yake. Duk wani tsohon abu da aka yi wa ado aka tsawwala masa kuɗi, mu tambayi hannun da ya yi shi tun farko. Sunan Vernon da ranar umarninsa suna nan a rubuce, amma yawancin masu saran raken ko kabarinsu ba a sani ba. Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.